Wutar da Yashi ba ya Kashewa

Tun muna ƙanana iyayenmu mata suka koya mana cewa in mai ya kama wuta cikin tukunya, murfi ake kifa masa. In kalanzir ya zube ya kama, yashi ake watsa masa. In tufar mutum ce, a lulluɓe shi da bargo. Wannan ilimi ne na gaskiya, kuma dalilinsa a fili yake. Wuta tana zaune ne bisa abu uku, kamar tukunya bisa duwatsun murhu: abin da za ta ci, da zafi, da iska. Cikin iskar ma, kashi 21 cikin 100 da ake kira oksijen shi ne rabonta. In aka toshe mata iska, an janye dutse guda, sai ta kife.

To amma akwai wasu sinadarai da wannan dabara ba ta ci a kansu, domin oksijen ɗin yana cikin jikinsu, zafi na taɓa su sai su sake shi. Da Faransanci ana kiransu comburant. Akasarinsu ba su cin wuta da kansu. Aikinsu irin na zugazugin maƙeri ne, su hura wa katako da buhu da mai wutar da ta fi ƙarfin al'ada. Daga cikinsu akwai nitrat na amoniyom, wanda ake taki da shi kuma ake fasa duwatsu da shi a wuraren haƙar ma'adinai. Akwai farin garin kulor mai ƙarfi da ake tsabtace ruwan rijiya da na tanki da shi. Akwai kuma kwalaben oksijen na asibiti da na masu walda.

Abin da ya faru a tashar jiragen ruwa ta Texas City, a Amurka, ranar 16 ga Afrilu 1947, ya isa misali. Wani jirgin Faransa mai suna Grandcamp yana lodin nitrat na amoniyom fiye da ton 2,000, sai aka ga hayaƙi na fita daga cikinsa. Kyaftin ɗin jirgin bai so ruwa ya ɓata hajar ba, sai ya ba da umarni a rufe ƙofofin ma'ajiyar ruf, a tura tururi ciki don a shaƙe wutar. Da auduga ce ko hatsi, da wataƙila dabarar ta yi. Nan kuwa sai rufin ya tara zafi ya matse shi wuri guda, kayan suna ciyar da wutar daga ciki. Hayaƙin ya fito da launin ruwan goro mai ɗaukar ido, jama'a suka taru bakin gaɓa suna kallo. Da ƙarfe 9 da minti 12 na safe jirgin ya tarwatse. Mutum aƙalla 581 suka rasu. Cikin ƴan kwana-kwana 28 na garin, 27 suka tafi a wannan safiya.

Saboda irin wannan ne aikin ƴan kwana-kwana ke canza kama in sun san akwai waɗannan kaya a wurin gobara. Garin kashe wuta na cikin jar kwalba da kumfar da ake shimfiɗa wa wutar fetur, duk ana ajiye su gefe, tunda su aikinsu toshe iska ne. Ruwa ake so, mai yawan gaske, domin ya sanyaya kayan kafin su narke. Nitrat na amoniyom yana narkewa wajen digiri 170, in zafi ya ci gaba sai ya fara ruɓewa yana fitar da gas. Ana buɗe ƙofofi da tagogi don zafi ya sami mafita, ana tsayawa ta inda iska ke tasowa, ana kafa bututun ruwa ya yi ta feshi shi kaɗai ba tare da mutum ya riƙe shi ba. Wannan duk sa'ad da wutar ba ta kai ga tarin kayan ba ke nan. In ta riga ta kai, umarnin shi ne a janye kowa. Littafin jagoran kai ɗauki da ake aiki da shi a Amurka da Kanada ya ce a nisanta mita 800 daga babbar motar da ke ɗauke da irin waɗannan sinadarai in ta kama wuta, in kuwa nitrat na amoniyom ne, mita 1,600 ta kowace fuska.

A nan muke so mu ɗan tsaya, domin mun san halinmu. In jar mota ta iso, sojojinta suka ƙi kutsawa, suka shiga korar mutane, nan da nan za a ji ana cewa tsoro ne ko rashin kishi, mai kaya yana kuka yana nuna dukiyarsa. A ganinmu, shugaban tawagar da ya dubi wuta ya ce a ja da baya ya yi aikin da ya fi wuya a wannan sana'a, domin duk horonsa na shiga ne. A garin West na jihar Texas, ranar 17 ga Afrilu 2013, ma'ajiyar taki ta fashe kimanin minti 20 bayan an ba da labarin gobara. Cikin mutum 15 da suka mutu, 12 masu kai ɗauki ne.

Sai dai duk wannan ilimi bai da amfani ga wanda bai san abin da ke bayan ƙofa ba. Ranar 4 ga Agusta 2020 da yamma aka kira ƴan kwana-kwanan Bairut cewa wata magaza ta kama wuta a tashar jiragen ruwa. Mutum goma suka tafi, maza tara da mace guda mai ba da agajin farko. Babu wanda ya gaya musu cewa magaza mai lamba 12 ita ce aka jibge ton 2,750 na nitrat na amoniyom a cikinta tun 2014, bayan an sauke shi daga wani jirgi mai suna Rhosus da ya maƙale a tashar, kuma a ɗaki guda da kayan wasan wuta. Shekara da shekaru takardu suna kai da komo tsakanin duwan da alƙalai da manyan gwamnati a kan haɗarin kayan nan. Masu sani suna da yawa, waɗanda aka aika ne kawai ba su sani ba. Da ƙarfe 6 da minti 8 magazar ta fashe, aka ji ƙarar har tsibirin Kuburus. Fiye da mutum 200 suka rasu, dubbai suka ji rauni, goman nan kuwa babu wanda ya koma gida. Allah ya kiyashe mu da irin wannan rana.

Ba mu da ton dubu a unguwanninmu, amma muna da magazu a kasuwa da bayan gida inda ake haɗa taki da bidon ɗin gazuwal da buhunan banza da bokitin garin kulor a kusurwa guda. Kada manoma su firgita: takin ure ba ya cikin wannan aji. Abin dubawa shi ne alamar da ke jikin buhu ko durom, wato harshen wuta bisa da'ira, wanda a jikin manyan motoci ke zuwa cikin rawayan allo da lamba 5.1. Duk abin da ke da wannan alama a raba shi da mai, da katako, da tsumma, a kuma raba su da junansu. A Tuluz ta Faransa, ranar 21 ga Satumba 2001, masana'antar AZF ta fashe ta kashe mutum 31 ba tare da wata gobara ta gabata ba, kuma bayanin da kotu ta karɓa shi ne an zuba ragowar wani sinadarin kulor bisa tarin nitrat.

Wani ɗan kasuwa yakan ɓoye abin da ya ajiye don gudun tara ko tambayar takardu. Ranar gobara wannan ɓoyo amanar rai ce yake ci, ran mutumin da ya taso daga barikinsa don ya cece masa dukiya. Wanda ya buga lamba 18 ya faɗi unguwa da kwatance, sa'an nan ya faɗi abin da ke cikin ɗakin da kimanin yawansa, ko da ba a tambaye shi ba. Mai gadi da yaron shago su ma ya kamata su san sunan kayan, tunda sau da yawa wuta da dare take tashi, maigida yana barci.

Sauran aikin na iyaye ne da masu unguwa, su hana yara da samari rugawa kallo da salula a hannu. In an ga hayaƙi ja-ja ko ruwan goro, a bar wurin ta ɓangaren da iska ba ta kaɗa shi. Wanda ya shaƙe shi kuma a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau, domin gubarsa takan yi sa'o'i kafin ta tara ruwa a huhu, har mutum ya kwanta barci numfashi ya gagare shi cikin dare.