Zancen Mata: Kalmar Lahira A Gidan Makoki



Ran Talata na je ta'aziyya nan Unguwar Sanusi. Muna zaune sai wata 'yar makaranta ta shigo, ta durƙusa da ladabinta, ta ce wa mai takaba, "Inna, ashe Baba ya tafi lahira?" Ɗaki ya yi tsit, tsohuwa ta juya fuska bango. Yarinya ba ta yi ƙarya ba, amma ta tsokano miki.

Kalmar nan Larabci ce, al-akhira, watau ta ƙarshe, kishiyar duniya. Bahaushe ya haɗiye "al" ɗin ya bar "l" kawai, kamar yadda ya yi da labari, da liman, da lafiya. Abin dariya, Lahadi ma hanyarsu ɗaya, sai dai ita ranar ɗaya take nufi. Malamai kuwa sun rarrabe: barzahu zaman da ke tsakanin mutuwa da tashi, ƙiyama ranar tashin, lahira ta haɗe gidan can duka.

To, ina laifin? A bakin malami kalmar tana da nauyi, kamar a ce guzurin lahira. Amma 'yan tasha sun ja ta a ƙasa, kullum "zan aika ka lahira". Shi ya sa a gidan makoki akan ce ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya.

Da muka fito na ja yarinyar gefe. Washegari ta koma ta ce, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba." Tsohuwa ta miƙa mata goro.