Daga Sakkwato zuwa Bursa: Wa zai horar da yaran Goronyo bayan Shehu Abdullahi ya ajiye takalmi?

Tun da Victor Osimhen ya koma Galatasaray a matsayin aro a watan Satumban 2024, gasar Turkiyya ta samu gurbi a gidajen kallon ƙwallo na Arewa, inda a da gasar Ingila da ta Sifaniya kaɗai ake kunna wa janareta. Da ƙungiyar ta saye shi gaba ɗaya a 2025 kan Yuro miliyan 75, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasa ba a tarihin ƙwallon ƙasar, sai sunayen Besiktas da Trabzonspor suka shiga musun matasa a Wurno da Rabah da Goronyo. Amma kafin Osimhen, akwai ɗan Sakkwato da ya taka leda a wannan gasa, kuma tarihinsa ya fi kusa da rayuwar waɗannan matasa.

An haifi Shehu Abdullahi a Sakkwato a 1993. Sunansa ya fito ne a Kano Pillars, a shekarun da ƙungiyar ta lashe gasar Najeriya sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. Daga nan ya tafi Qadsia ta Kuwaiti, ya wuce Uniao da Madeira ta Fotugal, sannan Anorthosis ta tsibirin Saifurus. Yana cikin tawagar Samson Siasia da ta ci tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, lambar yabo ɗaya tilo da Najeriya ta dawo da ita daga Burazil a wannan shekara. A watan Janairun 2018 Bursaspor ta ɗauke shi, kuma bayan wata biyar ya tsaya a bayan Super Eagles ta ɓangaren dama a wasan farko na Kofin Duniya da Kuroshiya. Ya bar Bursa a 2020, ya ci kofin gasar Saifurus da Omonia, ya yi ɗan zama a Levski Sofia ta Bulgeriya, ya dawo gida. Gidan da ya dawo kuwa Kano ce. A kakar 2024/2025 shi da Ahmed Musa, wanda shi ma ya baro Turkiyya bayan zama a Fatih Karagumruk da Sivasspor, suna sanye da rigar Pillars.

Wannan shi ne abin dubawa na farko. Yaron Sakkwato ya kai Kofin Duniya, amma hanyar da ta kai shi ta bi ta Kano ne, kuma da ya tashi dawowa can ya sauka. Ba laifinsa ba ne. Sokoto United, ƙungiyar da gwamnatin jihar ke ɗaukar nauyinta, ta daɗe tana fafutuka a ƙasan babbar gasa, kuma ɗan wasan da ya saba da Turai ba zai ƙare shekarunsa na ƙarshe a inda ba za a gan shi ba.

Ƙungiyar da Shehu ya yi wa wasa a Turkiyya tana da nata labarin, kuma a tsakiyarsa akwai wani mutum mai suna Ertugrul Saglam (masu bin fina-finan Turkiyya ba za su sha wahalar riƙe sunan ba). An haife shi a 1969, ya yi suna a matsayin mai cin ƙwallo a Samsunspor, ya shafe shekara shida a Besiktas, yana kuma cikin tawagar ƙasarsa a gasar Turai ta 1996. Da ya daina wasa sai ya fara horarwa a Samsunspor, ya ɗaga Kayserispor, aka ba shi Besiktas a 2007. A hannunsa ne Liverpool ta zura wa Besiktas takwas ba ko ɗaya a Anfield, kuma bai kai ƙarshen 2008 a kujerar ba. A wata ƙasar nan ne za a rufe littafinsa. A farkon 2009 Bursaspor ta ba shi aiki, kuma a ranar ƙarshe ta kakar 2009/2010 ƙungiyar ta doke Besiktas da ci 2-1, Fenerbahce ta yi kunnen doki da Trabzonspor, Bursa ta ɗauki kofi da tazarar maki ɗaya. Kafin wannan rana, manyan ƙungiyoyi uku na Istanbul da Trabzonspor ne kaɗai suka taɓa cin gasar. Saglam yana da shekara 40 a lokacin.

Abin lura a tarihinsa shi ne matakalar. Ɗan wasa ya gama, ya yi karatun horarwa, ya fara daga ƙaramar ƙungiya, ya faɗi a babba, aka sake ba shi dama. Fatih Terim da Senol Gunes da Okan Buruk, wanda ke horar da Osimhen, duk ta irin wannan hanya suka bi daga fili zuwa benci.

Sai dai kada a ɗauka Turkiyya aljannar ƙwallo ce. Bursaspor ɗin da ta buga gasar Zakarun Turai da Manchester United da Valencia a 2010 ta faɗa rukuni na biyu a 2019, Shehu yana cikinta. Bashi ya yi mata katutu, ta sake faɗawa a 2022, ta kai rukuni na huɗu a 2024 kafin ta fara farfaɗowa. Koci nagari ya kawo kofi, amma bai iya hana shugabanni kashe kuɗin da ba su da shi ba.

A Najeriya matakalar ba ta da tsari. Marigayi Stephen Keshi ya ci Kofin Afirka yana ɗan wasa a 1994, ya sake ci yana koci a 2013, amma sai da ya je Togo da Mali ya tabbatar da kansa kafin a amince masa a gida. Finidi George bai yi wata uku cikakku a kujerar Super Eagles ba ya ajiye a 2024, aka ɗauko Eric Chelle na Mali a farkon 2025. A Arewa kuwa, abin da aka fi gani shi ne tsallake. A watan Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Pillars alhali yana ci gaba da buga mata wasa, wato ya zama shugaban kocin da zai yanke hukuncin sa shi a fili ko ajiye shi. Babu mai musun ƙaunarsa ga ƙungiyar ko abin da ya kashe wa matasa daga aljihunsa. Amma da magoya baya suka afka fili bayan wasa da Shooting Stars a watan Oktoban 2025, hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki uku ta kuma kore ta daga filin Sani Abacha, aka ga cewa farin jini ba ya maye gurbin tsaro da tsarin gudanarwa. Naɗi irin wannan na gwamna ne, kuma gwamna na gaba zai iya soke shi da takarda ɗaya.

A gabashin Sakkwato tambayar ta fi haka nauyi. An kammala madatsar ruwan Goronyo a kan kogin Rima a 1984, ba a ƙaddamar da ita ba sai 1992, kuma a kanta noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa ya dogara har zuwa fadamun Wurno. Yanki ne na matasa masu ƙarfi, amma kuma yanki ne da 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, bayan kisan da aka yi a ƙauyukan gundumar Gandi ta Rabah tun 2018. Inda tafiya daga gari zuwa gari bayan la'asar ta zama kasada, gasar ƙananan hukumomi mai ɗorewa ba ta yiwuwa, kuma masu farautar 'yan wasa ba sa zuwa. Abin da ya rage shi ne kofin ɗan siyasa: a raba riguna masu hoton mai gida, a buga mako biyu, a ba da babur, a watse. Yayin da zaɓen 2027 ke matsowa, irin waɗannan kofuna za su yawaita.

Asarar da ke cikin wannan ta kuɗi ce, ba ta nishaɗi kaɗai ba. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin zai koma ga ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. A ciniki irin na Osimhen, wannan kaso ya kai Yuro miliyan 3.75. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a birnin Paris don biyan irin waɗannan kuɗaɗe kai tsaye, amma yana aiki ne da rajista: sunan yaro, ranar haihuwarsa, da ƙungiyar da ta yi masa rajista a hukumance. Kocin unguwa a Achida ko Shinaka da ya shafe shekara biyar yana saya wa yaro takalmi, in ƙungiyarsa ba ta cikin kundin hukumar ƙwallon jiha, ko sisi ba zai gani ba. Haka kuma dokar ta haramta fitar da yaro ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa ƙungiyar waje sai bisa wasu sharuɗɗa ƙalilan, abin da iyaye da yawa ba su sani ba lokacin da dillali ya zo da alkawarin gwaji a Istanbul ya ce a sayar da gona.

Duk waɗannan aikin ƙwararren koci ne mai lasisi da ƙungiya mai rajista, ba aikin sabon filin wasa na biliyoyi ba. Horar da malaman motsa jiki na sakandare a Wurno da Rabah da Goronyo har su samu lasisin farko na CAF, da yi wa ƙungiyoyin garuruwa rajista, kuɗinsa bai kai na rabon kayan azumi na shekara ɗaya ba. Ƙananan hukumomin ma ba su da uzurin da, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, duk da cewa aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya. Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya da aka zaɓa a 2022, Ibrahim Musa Gusau, ɗan maƙwabciyar jiha ne da ya san halin da yankin ke ciki.

Shehu Abdullahi ya haura shekara 30, kuma ranar da zai rataye takalmi ba ta da nisa. Ya yi aiki a ƙarƙashin Siasia da Gernot Rohr da Paul Le Guen, ya ga yadda ƙungiya ke cin kofi a Saifurus, ya ga yadda take rushewa a Bursa. Gwamnatin Ahmed Aliyu za ta iya ba shi muƙamin mai ba da shawara da mota da ofis, kamar yadda aka saba yi wa tsofaffin taurari. Za ta kuma iya biya masa karatun lasisi, ta miƙa masa 'yan ƙasa da shekara 17 na jihar da kasafin da ba ya jiran sa hannun kowa duk wata. In ba ta yi ko ɗaya ba, Kano tana nan, kuma ta riga ta karɓe shi sau biyu.