Kano a bakin ɗan ci-rani

An gama kaka. Hatsi ya shiga rumbu, wake ya shiga buhu. Lokaci ne da samari ke ɗaure kaya, lokaci ne kuma da kasuwar masu labarin birni ke ci.

Kowane ƙauye yana da irin mutumen nan guda. Ya yi shekara 30 yana zuwa ci-rani. Ya ga Yamai, ya ga Sakkwato, har Ikko ya taɓa sauka. Amma in anka zamna hira bayan sallar isha, gari ɗaya ne a bakinshi, shi ne Kano. In zancen tuwo ake, na Kano ya fi daɗi. In zancen tufa ake, sai Kano. Yara ma sun hardace labarin, sun san wurin da zai tsaya ya kurɓi shayi.

Ba a ganin laifinshi, don son nan yana da dalili. A Ikko ko Abijan, sai baƙo ya nemi zango kafin ya ji Hausa. A Kano kuwa, tun daga tasha har cikin kasuwa da Hausa ake ciniki, da Hausa ake faɗa, da Hausa ake sulhu. Ga shi kuma kusa. Daga Damagaram zuwa Kano kamar kilomita 240 ne, alhali zuwa Yamai ya kusa 900.

Hanyar ma ba sabuwa ba ce. Tun ba a ja iyaka ba, ayarin Abzinawa ke saukowa da gishirin Bilma da dabino. Su ratsa Damargu da Damagaram, su sauke raƙuma a Fagge, bayan ganuwar birni. Su koma da hatsi da baƙin turkuɗi na garin Kura, wanda Buzaye ke naɗawa har yau. Cikin birnin akwai unguwar da ake ce ma Agadasawa. Sunan kaɗai ya isa ya gaya muku daga ina kakanninsu sunka fito.

In mutumen ya kai ga kasuwar Kurmi, nan ne bakinshi ke buɗewa sosai. Kasuwa ce tun ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta matsattsu ne, mutum biyu da kyar suke giftawa. Nan masu sirdi da linzami, can masu kanwa da magani, gaba kaɗan masu hula da takalmi. Daga nan sai ya kai ku marinar Ƙofar Mata, inda ake tsoma zane cikin baba. Sai Kantin Kwari, inda atamfa da shadda sunka yi tsibi har rufin shago. Daga ƙarshe ya hau da ku dutsen Dala, ya ce daga bisa ba a ganin ƙarshen gidaje. Wannan ba ƙari ya yi ba. Mutanen Kano sun ninka na Yamai fiye da sau 2. Ba banza ake ce mata tumbin giwa ba.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai abin da ba ya cika faɗa ma samari, ba don mugunta ba, don ba a tambaye shi ba ne.

Shi bai taɓa shiga Kano hannu wofi ba. Ko buhun wake ya kai, ko raguna, ko tabarmi. Yana da mai masauki wanda ya san ubanshi. Yana da dillalin da ba ya cutar shi, don baɗi ma za su sake gamuwa. Kanon da yake yabo, Kano ce ta mai kaya da mai masauki. Yaron da ya ji labari ya tashi da kuɗin mota kaɗai, wata Kano daban zai tarar. Zai tura kurar ruwa unguwa unguwa, ko ya yi dako, ko gadi, ko yankan farce. Zai kwana bakin shagon wani cikin ɗari. A can komi saye ake, har ruwan wanka, har wurin kewayawa. In zazzaɓi ya kama shi, babu mai dama mishi kunu.

Sai zancen kuɗi, wanda shi ne babba. Mutumen nan ya fara son Kano a shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya cika Najeriya. A lokacin naira guda ta fi tamma 100 nesa. Rani ɗaya ya isa saurayi ya komo da rediyo da keke, wani har da kuɗin aure. Wannan zamani ya wuce. A shekara ta 2024 jika guda ta sefa ta fi naira 2000. Ke nan wanda ya wuni yana dako ya samu naira 3000, jika guda da ƴan kai ya samu, kuma bai ci abinci ba tukuna. Wanda ya shiga da sefa don sayen kaya, shi kasuwa ta yi ma daɗi. Wanda ya je neman naira da ƙarfinshi don ya aiko gida, aiken yana narkewa a hannun mai canji.

Ku duba kuma abin da ke cika tumbin nan. Da yawa daga nan yake fita: waken Damagaram, ayar Maraɗi, albasar Galmi, shanu da raƙuman da ake korawa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Babbar kasuwar hatsi ta Dawanau, bisa hanyar Katsina, ta san buhunan Nijar sarai. Manomi ya sayar da kaka da araha. Da bazara, in rumbu ya yi ƙasa, kamyo ya komo mishi da hatsi da masara daga Dawanau da tsada. Mai son Kano ya san haka. Shi ya sa nashi waken ba ya fita da wuri.

Ita kuma iyaka ba kullum take buɗe ba. A watan Janairu 1983 Najeriya ta kori baƙin da ba su da takardu. A watan Afrilu 1984 anka rufe iyaka, anka sake kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Shekarar fari ce, dattawa ba su mance yunwar da ake ce ma El Buhari ba. Anka sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'an nan daga 2023 zuwa Maris 2024. Kowane karo akwai waɗanda abin ya rutsa da su a can, gonarsu tana jira a nan.

To, samari, ba a ce ku daina sauraren shi ba. Hirar da daɗi, kuma wanda bai taɓa ganin Kurmi ba ya kamata ya gani. Amma in ya gama, ku tambaye shi wa ya sauke shi ranar fari. Ku tambaye shi nawa ya rage a aljihu bayan kuɗin mota da duwan. Ku tambaye shi ko ruwan shuka ya taɓa tarad da shi a Kano. Zai ce muku a'a. Tun bazara yake komowa ya yi sassabe, ya kai taki gona. Wanda zai tafi, ya riƙe katin shaidarshi, ya san sunan unguwar da zai sauka, ya bar ma iyali hatsin da zai kai su damana.

A watan Fabrairu 2021 anka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Tun ran da mutumen ya ji labarin a rediyo, ya ce kujerar bakin taga tashi ce.