Dala 500 da Sunan da Ba Ya Kan Kwali

A watan Nuwamban 1935, kamfanin Parker Brothers na Amurka ya biya wata dattijuwa mai suna Elizabeth Magie dala 500, ya karɓi takardar haƙƙin ƙirƙira ta wani wasan allo da ta ƙago. Biya ɗaya ne, babu kaso daga ciniki. A shekarar ce kamfanin ya fara sayar da Monopoly, wasan nan na saye da hayar gidaje, yana gabatar da wani Charles Darrow a matsayin wanda ya ƙirƙiro shi. Shi Darrow an yanka masa kaso daga kowane kwalin da aka sayar, har ya zama miloniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan labari ne masu sabon shiga sana'ar ƙirƙirar wasannin allo suka fi kafa hujja da shi idan aka ce su kai wasansu ga kamfani. Tambayarsu ɗaya ce: idan na nuna musu, me zai hana su sace dabarata? Sai su ɓoye samfurin a ƙasan gado, ko su nemi kamfani ya sa hannu a takardar rufe sirri kafin ya leƙa. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Labarin Magie, idan aka bi shi daki-daki, akasin haka yake koyarwa.

Magie ta sami takardar haƙƙin wasanta, The Landlord's Game, tun 1904. Ba don kuɗi ta yi shi ba: mabiyiyar masanin tattalin arziki Henry George ce, tana son mutane su gani da idonsu yadda masu filaye ke tatsar 'yan haya. Wasan ya yi shekara kusan talatin yana yawo hannu zuwa hannu, ɗalibai da malaman jami'a suna zana nasu allon a gida, kowa yana gyara dokoki yadda ya ga dama. Wasu mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker a birnin Atlantic City suka sa masa sunayen titunan garinsu, kuma wannan samfurin ne wani aboki ya koya wa Darrow. Har kuskuren rubutun sunan wata unguwa, Marvin Gardens a maimakon Marven Gardens, ya biyo shi cikin kwali. To, ba a teburin kamfani aka ɗauke wasan ba. Da kamfanin ya gano asalinsa, dole ta sa ya nemi Magie, domin takardar da ta sabunta a 1924 tana nan da ƙarfinta. A ranar, ita ke riƙe da wuƙa da nama. Abin da ya raba makomarta da ta Darrow shi ne abin da kowannensu ya sa wa hannu.

Dalilin da ya sa ɓoyo ba ya tsare komai yana cikin dokar kanta. A Amurka, inda kasuwar ta fi girma, haƙƙin mallaka yana kare rubutun dokokin wasa da zane-zanensa, amma ba ya kare dabarar wasan, wato yadda ake buga shi. Takardar haƙƙin ƙirƙira kuwa tana da tsada, ga jinkiri, shi ya sa ƙalilan ne ke nemanta a yau. Mafi yawan kamfanoni ma ba sa yarda su sa hannu a takardar rufe sirri, kuma suna da uzuri: samfura da yawa ke wucewa ta gabansu, mutum biyu da ba su san juna ba kan zo da dabara iri ɗaya, ba wanda zai ɗaure kansa da shari'a a kan abin da bai ko gani ba.

Sannan a yi lissafi. Kason mai ƙirƙira yakan kama daga kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na kuɗin da ya shiga hannun kamfani, ba na farashin kanti ba. Mu ɗauka ana sayar da wasa dala 50, dillali ya saya daga kamfani a dala 20, kason kuma kashi 7 ne. Mai wasa zai sami dala 1.40 a kowane kwali. Idan an buga 5,000 kuma duk sun ƙare, dala 7,000 ke nan. Wannan ƙaramin abu ne idan aka gwama shi da kuɗin mai zane, da na masana'anta a Sin, da na jirgin ruwa. Wane mai hankali ne zai zubar da sunansa don ya kauce wa wannan ɗan kaso, a sana'ar da kowa ya san kowa, kuma ake haɗuwa duk watan Oktoba a bajekolin birnin Essen na Jamus? Ba ina cewa 'yan kasuwa waliyyai ba ne. Satar ce ba ta da riba.

Abin da kamfani ke saye shi ne aikin da aka riga aka zuba a kan dabarar, kuma wannan aikin ba ya yiwuwa a ɓoye. Wasa ba kamar littafi ba ne da marubuci zai kammala shi kaɗai a ɗaki. Sai an buga shi sau ɗari, da mutane daban-daban, kafin a gane cewa wanda ya fara wasa shi ke ci kullum, ko cewa wanda aka bari a baya tun farko zama kawai yake yi yana hamma. Matakin da ya fi zafi shi ne a miƙa wa baƙi kwalin da takardar dokoki, mai wasa ya koma gefe ya kama bakinsa. A nan ne yake ganin jimlar da ya ɗauka a sarari take ta rikita mutum huɗu. 'Yan uwa da abokai ba sa wannan aikin, kunya ba za ta bar su su ce wasan da gundura ba.

Elizabeth Hargrave misali ce mai kyau. A lokacin, ma'aikaciyar nazarin manufofin kiwon lafiya ce a Washington, mai sha'awar kallon tsuntsaye. Ta tattara bayanan tsuntsayen Arewacin Amurka a jadawalin kwamfuta, abincinsu da sheƙarsu da faɗin fikafikansu, ta mayar da su katuna, ta yi ta gwada wasan da ƙungiyoyin masu gwaji na yankinta. A 2016 ta kai shi taron Gen Con a Indianapolis, ta nuna wa kamfanoni kaɗan, Stonemaier Games ya karɓa. Bayan haka ma an daɗe ana gyara kafin Wingspan ya fito a 2019 da katunan tsuntsaye 170, ya ci kyautar Kennerspiel des Jahres ta Jamus a shekarar, ya kuma wuce kwali miliyan ɗaya a ciniki. Wasa a kan tsuntsaye dabara ce da kowa zai iya faɗa a wajen hira. Da ta je da ita a baka kawai, da an sallame ta cikin ladabi, don ba a cinikin biri a sama.

Shi ya sa ma gabatarwar take gajeriya: takarda shafi ɗaya mai hoton samfurin, da adadin 'yan wasa, da tsawon lokacin bugawa, da yawan katuna da 'ya'yan da ke cikin kwali, tunda daga nan kamfani ke ƙiyasta kuɗin bugawa. Sai ɗan bidiyo da 'yan mintuna a gaban edita.

Akwai inda masu tsoro suke da gaskiya, sai dai sun ajiye tsoron a wurin da ba nasa ba. Sabon shiga ba ya da ƙarfin ciniki. Murnar an karɓi wasansa kan sa shi sa hannu ba tare da ya tambayi daga wane kuɗi za a cire kasonsa ba, ko nawa zai samu idan aka sayar da lasisin fassara wasan zuwa Jamusanci ko Japananci, ko wa ke da shi idan aka mayar da shi manhajar waya. Sharaɗin da na fi ba wa muhimmanci shi ne na dawowar haƙƙi: idan kamfani bai buga wasan cikin wa'adin da aka yanka ba, ko ya daina buga shi, wasan ya koma hannun mai shi. In babu wannan, kamfani zai iya ajiye aikin shekara biyar a cikin durowa har abada, bai saci komai ba, bai kuma karya doka ba.

Ko sunan da muke gani a kan kwali ba kyauta aka ba da shi ba. A 1988, lokacin bajekolin kayan wasa na Nuremberg, wasu maƙirƙira a ƙarƙashin jagorancin Reinhold Wittig suka rubuta alkawari a kan ɗan faifan da ake ɗora kofin giya, cewa babu wanda zai ƙara ba kamfani wasa sai an buga sunansa a saman kwali. Jamusawa har yau marubuci suke kiran mai ƙirƙirar wasa. Suna a kwali jari ne: shi ke sa mai saye ya nemi wasanka na biyu, shi ke sa kamfani na gaba ya amsa wasiƙarka.

Mu a nan, wasannin da muka tashi da su ba su da marubuci. Ba wanda ya san wa ya fara haƙa ramukan dara, ludo kuma Turawan Ingila ne suka ɗauko shi daga wasan pachisi na Indiya suka yi masa rajista. Amma sana'ar ta fara tsiro: kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu yana ƙirƙira da buga wasanni a Abuja, ya kuma karɓi kyautar Diana Jones a 2021. Inda nake jin tsoro shi ne al'adarmu ta ciniki tsakanin sanayya. Malamar makarantar da ta ƙago wasan koyar da lissafi za ta kai wa mai maɗaba'ar da suka yi karatu tare, ya ce ai mu 'yan uwa ne, ya ba ta wani abu a ambulan, ta ji nauyin neman takarda. Marubutan littattafan Hausa da suka taɓa sayar da labari ɗungurungum ga masu shirya fim sun san yadda irin wannan cinikin ke ƙarewa idan abin ya karɓu. Ta nuna wasan ga duk wanda zai zauna ya buga, ɗalibai da maƙwabta da abokan hamayya. Ranar da aka zo maganar bugawa kuwa, ta nemi a rubuta sunanta, da kasonta, da ranar da wasan zai dawo hannunta, ta kuma kai wa lauya ya karanta kafin ta ɗauki biro.