Allurar Rage Ƙiba: Yunwar Barci Ta Yi, Ba Mutuwa Ba

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata hira ce da muka yi a ofishin malamai. Wata abokiyar aikina ta ce za ta sayar da awarwaronta ta sayi allurar nan ta rage ƙiba, wai tun da ta haifi na uku maigida ya daina yaba ɗinkinta. Muka yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Jiya-jiya mu ne masu haɗiyar "sha ka fashe" don mu yi jiki, yau kuma rama muke nema da kuɗinmu.

Allurar sunanta Ozempic, kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Danmak ke yin ta. A 2017 Amurka ta amince da ita don masu ciwon sukari, sai a 2021 aka amince da 'yar'uwarta Wegovy don masu ƙibar da ta zama ciwo. Ga yadda take aiki. In mutum ya ci abinci, hanjinsa yakan saki wani sinadari mai suna GLP-1, shi ke kai wa ƙwaƙwalwa labari cewa an ƙoshi. Allurar kwaikwayonsa take yi, sau ɗaya a mako, tana kuma sa abinci ya daɗe a ciki. Sai ki yi loma biyar ki ji kamar kin cinye malmala biyu.

Ban ce ba ta aiki ba. A gwajin da aka bayyana a 2021, waɗanda suka yi mako 68 suna yin Wegovy sun zubar da kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. To, amma da aka bi sawun waɗanda suka daina, cikin shekara guda wajen kashi biyu cikin uku na abin da ya zube ya dawo. Shi jiki in ya ga yana raguwa, zato yake an shiga fari, sai ya yi tsimin abin da yake ƙonawa, ya ƙara kiran yunwa. Ga tashin zuciya da amai, ga shi ba kitse kaɗai ke zubewa ba, har da tsoka. Mai ciki ba ta yin ta sam. A 2024 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa akwai jabunta a kasuwa.

Akwai kuma masu zuga 'yan mata su yi allurar sinadarin girma, wai tana narka kitse. Narkawa kam tana yi, sai dai tana iya ta da sukarin jini, ta kumbura ƙafa, ta sa ciwon gaɓoɓi. An fi ba da ita ga yaran da jikinsu ba ya yin sinadarin isasshe. Ku 'yan makaranta, naku kyauta ne: wani ɗan ƙululu kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke fitar da shi, ya fi kuwa fitowa cikin barci mai nauyi. Mai kwana kan waya ita ke tauye wa kanta.

Ni dai na ce wa abokiyar tawa ta fara zuwa asibiti a auna mata sukari da hawan jini, in likita ya ga ta cancanta shi zai rubuta mata. Ta harare ni, amma har yau awarwaron na hannunta.