Kira ga Majalisar Birnin Tamale da Hukumar Zaɓe: A Tambayi 'Yan Takarar Tishigu Matsayinsu Kan Harajin Gidaje

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Birnin Tamale, da Shugaban Zaman Majalisa, da jami'an Hukumar Zaɓe na Tamale. Ina roƙon ku duba wannan koke nawa da idon rahama.

Ranar 19 ga Disamba, 2023 muka zaɓi wakilin Tishigu a majalisa da 'yan kwamitin unguwa. In Allah ya kai mu 2027 za a sake. Alkawuran da ake yi mana a lokacin neman ƙuri'a sanannu ne: za a yashe kwata, a kwashe bola, a gyara fitilun titi da bayan gidan jama'a. Duk muna so. Amma da wuya ka ji ɗan takara ya faɗi inda kuɗin zai fito, alhali shi ne zai zauna a majalisa duk shekara a yanke yawan lampon da mai gida da mai shago da 'yar kasuwar Aboabo za su biya. Aikinsa mafi nauyi ke nan, kuma shi ne ba a tambayarsa.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin halin asusun majalisa. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa majalisun gundumomi aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, amma kuɗin nan yakan makara, ayyuka su tsaya ana jiran Akkara. Abin da ke hannun majalisa na kanta shi ne kuɗin kasuwa, da lasisi, da harajin gidaje. A 2023 an miƙa karɓar harajin gidajen ga hukumar haraji ta ƙasa, GRA, abin bai yi armashi ba, aka mayar wa majalisu. Tunda ya dawo gida, ya kamata a yi maganarsa a gida.

Tishigu tsohuwar unguwa ce, gidajen gado sun yi yawa. Gida ɗaya mai ɗakuna a kewaye da tsakar gida, magada birjik, wasu a Kumasi, wasu sun rasu sun bar marayu, ga 'yan haya a ɗakunan ƙofa. Takardar haraji ta iso, wa zai biya? Sau da yawa tsohuwar da ke zaune a gidan ce za ta karɓa, ta soke ta a jikin rufi, don ba ta san yadda aka kai ga wannan adadi ba, ba ta kuma san wanda za ta tambaya ba. Inda aka biya kuwa, mai gida yakan ɗora wa ɗan haya. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ba majalisa ikon rage wa matalauci harajin ko ta yafe masa. Mutum nawa a Tishigu suka san da haka? A ganina ɗan takarar da bai san wannan ba bai shirya wakiltar kowa ba.

Roƙona ga Hukumar Zaɓe shi ne, a dandalin da take shirya wa 'yan takara, tunda zaɓen ba na jam'iyya ba ne kuma babu wata manufar jam'iyya da mutum zai fake a bayanta, a keɓe lokaci na musamman ga batun kuɗi. Kowa ya faɗa da bakinsa, da Dagbani da Hausa: zai goyi bayan ƙarin haraji ko ragi, ya yarda a sake ƙiyasta darajar gidaje, kuma me zai ce game da gwauraye da gidajen marayu. Wanda ya ce a rage, ya nuna aikin da za a haƙura da shi.

Ga majalisa kuma, ina roƙon kafin a fara yaƙin neman zaɓe a fitar da lissafin abin da aka tara a Tishigu cikin waɗannan shekaru da abin da aka kashe mata, a manna a ƙofar masallatai da makarantu, a karanta a gidajen rediyo. A kuma sanar da ranar zaman yanke kuɗaɗen shekara da wuri, ta hannun sarakuna da limamai da magajiyoyi, domin masu gida da 'yan haya su halarta.

Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Wani mazaunin Tishigu, Tamale