Kafin Mu Ɗora Wa Batir Laifi



Da wuya a sami ƙauyenmu da bai taɓa ganin irin wannan dare ba. Naƙuda ta taso wa mace bayan isha, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a aika yaro bakin kwalta ya nemo mota. Aka fito da babur ɗaya tilo da ke unguwar, aka murɗa makulli, aka danna maɓalli, sai aka ji ƙas, daga nan shiru. Maza shida suka kewaye shi da tocila, wannan ya ce batir ya mutu, wancan ya ce a tura, wani ya ce a taso usta daga ƙauyen gaba. A namu daren, sai da aka kusa cin awa guda kafin a sami raksha. Allah Ya rufa asiri, ta sauka lafiya. Da gari ya waye usta ya zo, ya kankare farin garin da ya taru a kan batir, ya ɗaure noti guda, babur ya tashi. Aikin bai kai minti biyar ba.

Ra'ayinmu shi ne, duk wanda ke hawa babur a ƙauyukanmu wajibi ne ya san yadda ake bin sawun wuta idan ya ƙi tashi, kuma haƙƙi ne a kan manya su tabbatar an koya masa.

Mu jikokin matafiya ne. Bayan yaƙin Burmi a shekarar 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Farko, ya ja jama'a zuwa gabas har suka sauka a gaɓar kogi kudu da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Kafinsu da bayansu, maniyyata sun bi wannan hanya a ƙasa, wasu suka zauna suka yi aikin auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Waɗannan mutane sun san abin hawansu. In jaki ya yi ɗingishi, mai shi ne ke ɗaga kofato ya duba, ba ya jiran kowa. Abin hawanmu na yau shi ne babur, wanda maƙwabtanmu ke kira motar. Da yaƙi ya iso Wad Madani a Disamban 2023, ya kuma iso Sinja a ƙarshen Yunin 2024, a kan babur da raksha da karo mutane da yawa suka fitar da iyalansu. Wanda ya ga wannan ba zai ce tashin babur ƙaramin abu ne ba.

Ilimin kuwa ba mai nisa ba ne. Tambayoyi huɗu ne, a bi su bi da bi.

Ta farko, da aka murɗa makulli, fitila ta kama, ham ya yi ƙara? In babu ko ɗaya, a duba kawunan batir biyu, ko sun saki ko sun yi tsatsa, sannan a duba fiyus. Girgizar hanyoyinmu tana kwance noti, laimar damina kuma tana cin waya.

Ta biyu, fitila ta kama amma an danna maɓalli ba a ji kome ba? To wutar tana nan, wani abu ne ya tare ta. A duba jan maɓallin kashe inji da ke hannun dama in babur ɗin yana da shi, domin yara kan taɓa shi. A mai da giya firi, a matse kuloci. Wasu manyan baburan tafiya mai nisa ma ba sa tashi muddin jak yana ƙasa kuma suna cikin giya.

Ta uku, an ji ƙas ko ƙas-ƙas-ƙas amma inji bai juya ba? A lura da fitila yayin dannawa. In ta dushe ƙwarai, ko batir ya yi sanyi, ko kansa ya yi datti, ko wayar da ke ɗaure da jikin babur ta saki. In ba ta dushe ba, zargi ya koma kan sitata da 'yar na'urar da ke ba ta wuta, wannan kuwa aikin usta ne.

Ta huɗu, inji yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba? A nan batir ya kuɓuta. A duba mai, a cire fulogi a goge, a jingina ƙarfensa da jikin inji a ga ko yana ba da tartsatsi, nesa da duk inda fetur ya zuba.

'Yar mitar auna wuta tana yanke gardama. Batir mai bolt 12 da ya cika yakan nuna kusan 12.6 idan inji yana kashe. In ya sauko wajen 12.2, kusan rabinsa ya tafi. Idan ana danna sitata ya faɗi ƙasa da 10 sosai, ya gaji. Idan kuma inji na aiki aka ɗan ba shi wuta, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ba a ga haka ba, babur ɗin ba ya cajin batirinsa, kuma ko sabo aka saya zai mutu cikin 'yan kwanaki. Iyalai nawa ne suka sayar da buhun dawa suka sayi batir, alhali ciwon yana wani wuri dabam?

Akwai kuma ɗabi'u uku da ya kamata mu bari. Na ɗaya, in fiyus ya ƙone sai a cusa waya ko takardar sigari a gurbinsa. Fiyus yana ƙonewa ne domin ya tsare sauran wayoyi, wanda ya cire shi ya gayyato gobara a ƙarƙashin tankin fetur. Na biyu, zuba ruwan kanal ko na rijiya a batir mai ruwa. Zafin ƙasarmu yana ƙafar da ruwansa da sauri, amma tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa. Na uku, jona batirin babur da na babbar mota. Yawancin manyan motoci bolt 24 gare su, kuma suna iya ƙona kayan wutar babur nan take. Haka nan wanda kullum sai da kik ko turi yake tayarwa, kada ya ce ai yana tashi. Babur ɗin yana yi masa gargaɗi ne.

Wani zai ce, muna fama da gudun hijira da tsadar abinci da raunin da rikicin Damazin da Rusairis na 2022 ya bari, ina mu ina zancen fiyus? Muna girmama wannan magana, amma wahalar ce ma ta sa zancen ya zama dole. A lokacin yalwa ana iya sayen kaya a gwada, a lokacin ƙunci kuskure guda abincin mako ne. Wani kuma zai ce za a cire wa usta abinci a baki. Mun ga akasin haka. Ustan da ya san aikinsa ya fi son a ce masa fitila na dushewa in an danna, da a turo masa babur da aka riga aka yayyanke wa waya. Aikin sitata da na caji nasa ne, babu mai ƙwace masa.

Saboda haka muna kira ga masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa: a yi karo-karo a sayi mita guda, da sifana lamba 10, da 'yan fiyus, a ajiye su a gidan da kowa ya sani. A roƙi usta, a biya shi ladansa, ya zauna da samari bayan la'asar ranar Juma'a ko sau biyu a wata, kuma a yi darasin da Hausa, domin yaro ya fi riƙe abin da ya ji da harshen gida. Kada a bar 'yan mata a baya. Sau da yawa maza suna gona ko kasuwa, su ne ke gida lokacin da buƙata ta taso.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa, Ya kiyaye matafiyanmu dare da rana. Amin.